Renon wake a tire mai gurabu, daga shuka zuwa dashe

4 ga Mayu

Yau na fara aikin nan na renon wake a tire, kuma na ce bari in riƙa rubuta komai da kwanan wata saboda in abu ya lalace in san a ina ya lalace. Nasan duk wanda ya san wake zai ce ai wake ba a dasa shi, a rami ake jefa shi ya tashi abinsa, kuma gaskiya ne, uwar saiwarsa guda ce da take nitsawa ƙasa kai tsaye kuma bata son a taɓa ta. Amma ina da dalili. Irin da ke hannuna kaɗan ne, bai fi tafi biyu ba, kuma sau biyu ina shuka kai tsaye ɓeraye na tonewa da dare, wanda ya tsira ya tsiro kuma gyare ya datse shi daga gindi. Ga kuma fangalin da zan sa shi har yanzu akwai albasa a kai, sai nan da sati biyu ko fiye za a cire, to in na rena a tire kwanakin nan ba su tafi a banza ba.

Abin da na tanada: tire uku masu gurbi 50 kowanne, irin mai tsawon santimita 54 da faɗin 28, zurfin gurbi kamar santimita 5. Akwai masu gurbi 128 da 200 amma waɗannan na ƙananan iri ne irin su latas da kabeji, ƙwayar wake tana kumbura sosai in ta sha ruwa kuma saiwarta na gudu, gurbin zai yi mata kaɗan tun kafin sati ya cika. Sai bulo ɗaya na garin ɓawon kwakwa wanda ake ce ma kokofit, mai nauyin giram 650, da ƙaramar jakar falait, wannan farin dutsen mara nauyi, da ruɓaɓɓen taki na gida da buntun shinkafa. A duk kayan falait ne ya fi cin kuɗi, sai tire, amma tire ana wankewa a sake amfani da shi.

Na zauna na tsince irin ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ƙwaro ya huda ko ya motse ko ɓawonsa ya tsage na ware. Na ɗauki ƙwaya 20 na naɗe a tsumma mai danshi na sa a leda don gwajin tsiro.

5 ga Mayu

Na jiƙa bulon kokofit a baho, cikin rabin awa ya tashi ya kai kamar lita takwas. Ruwan farko da ya fito ja ne kamar shayi. Wannan abu yana zuwa da gishiri a jikinsa in ba a wanke shi tun daga kamfani ba, kuma ƙaramin tsiro bai jure gishiri, don haka na zuba shi a buhu na riƙa kwarara ruwa ina matsewa har sau huɗu sai da ruwan ya kusa yin fari. Aiki ne mai cin ruwa da ƙarfi amma ba zan tsallake shi ba.

Buntun kuma na babbake shi da yamma, so nake ya zama baƙi kamar gawayi ba toka ba, sai dai iska ta taso wuta ta ci gefe ɗaya har ya koma farar toka. Na kwashe na kashe da ruwa na haɗa duka a haka.

6 ga Mayu

Na tankaɗe takin da rariya, na cire tsakuwa da itace. Na wanke tire da ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, na ɗauraye na shanya.

8 ga Mayu, ranar shuka

Gwajin tsiro ya yi kyau, 17 cikin 20 sun fito da saiwa, don haka ƙwaya ɗaya-ɗaya zan sa a gurbi, ba sai na ɓarnatar da iri ba.

Haɗi uku na yi don in ga bambanci da idona. Tire na ɗaya ƙasar lambu ce da taki rabi da rabi, wato abin da kowa zai fara tunani. Tire na biyu kokofit kwano uku, taki kwano ɗaya, falait kwano ɗaya. Tire na uku kokofit kwano biyu, babbakakken buntu ɗaya, taki ɗaya, wannan don in ga ko buntu zai iya maye falait tunda ya fi sauƙin samu. Kowane tire ya ci kamar lita huɗu. Na jiƙa haɗin tun kafin cikawa, yadda in ka dunƙula a hannu zai kame amma ruwa ba zai tsiyaya ba sai ɗigo ɗaya ko biyu. Ban danna da ƙarfi ba, na cika na ɗan buga tiren a ƙasa sau biyu ya zauna, na ƙara a kai.

Zurfin shuka santimita 2, da ɗan yatsa na auna. Ban jiƙa irin ya kwana a ruwa ba, wake in ya sha ruwa da sauri da yawa ƙwayar na tsagewa ta ciki ta ruɓe, danshin haɗin ya ishe shi. Na ɗora tire ukun a kan ragar waya da na sa ma bulo a ƙasa, saboda ramin ƙasan gurbi ya samu iska, in saiwa ta leƙo ta tarar da iska sai bakinta ya bushe ta yi rassa a ciki, in kuwa tire na zaune a ƙasa sai ta huda ta shige ƙasa ranar ɗagawa ka tsinke ta. Na rufa musu raga a sama saboda ɓera da tsuntsu.

9 da 10 ga Mayu

Ba komai. Yayyafi kaɗan da safe. Ma'aunin zafi da na soka a haɗin ya nuna digiri 29 da rana, daidai yadda wake yake so.

11 ga Mayu

Sun fara fitowa a tire na biyu da na uku, karan ya lanƙwaso kamar ƙugiya yana jawo ɓari biyun ƙwayar sama. Tire na ɗaya shiru, samansa ya yi ɓawo mai tauri bayan ban ruwa.

13 ga Mayu

Na ƙirga. Tire na biyu 44, na uku 41, na ɗaya 29 kawai. Na tona gurabu biyar na tire na ɗaya da ba su fito ba, uku ƙwayar ta ruɓe ta yi laushi tana wari, biyu sun tsiro amma sun kasa huda ɓawon sun karye a wuya. Ƙasar da take da kyau a fili in ka sa ta a ɗan ƙaramin gurbi wani abu daban take zama, ruwa na zama a ƙasan gurbin bai sauka, iska bata shiga, sama kuma ta bushe ta daskare. Ko ɗaga tiren kayi zaka ji, nauyinsa ya ninka na sauran.

Wata matsalar kuma daga wajena take. Inda na ajiye su rana bata isowa sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kafin biyu kuma inuwar bango ta rufe, cikin kwana biyu kawai sun miƙe sun yi tsawo siri-siri, wasu sun kai santimita 9 kafin ma ganyen farko ya gama buɗewa, duk sun karkata gefe ɗaya suna neman haske. Na ɗauka inuwa zata taimaka musu saboda zafi, ashe inuwar tana da amfani ne kafin su fito kawai, suna fitowa rana suke so. Na maida su inda rana ke bugawa tun safe. Wanda ya riga ya yi tsawo dai ba zai koma ba.

15 ga Mayu

Yau raina ya ɓaci. Na fito da safe na tarar da guda bakwai a tire na ɗaya sun kwanta, ganyensu kore shar amma daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwan ƙasa kamar an matse shi da zare. Wannan ita ce ruɓewar gindi, ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia da ke zaune a cikin ƙasa ke kawo ta, kuma abin da suke so shi ne danshi mai yawa da rashin iska, wato duk abin da tiren nan yake da shi. Na ƙara musu da ban ruwan yamma da nayi shekaranjiya da jiya don naga saman ya bushe, alhali ƙasan gurbin jagab yake. Wanda ya kamu baya tashi, babu maganin da zai dawo da shi. Na cire su har da ƙasar gurbin na zubar nesa, na raba tiren da sauran biyun don kar ruwan da ke fantsama ya kai musu, na wanke hannu kafin in taɓa sauran.

Daga yau ban ruwa da safe kawai, kuma sai na ɗaga tire na ji nauyinsa tukuna. In da nauyi a bar shi ko da saman ya yi fari.

16 ga Mayu

Wasu huɗu sun ƙara faɗuwa a tire na ɗaya, saura 18. Sauran tire biyun ko ɗaya bai faɗi ba.

17 da 18 ga Mayu

Ganye biyun farko masu kallon juna sun buɗe sosai, ɓarin ƙwayar ya fara motsewa yana faɗuwa. Ganye mai uku-uku ya fara leƙowa a tsakiya. Ban sa wani taki ba, abincin da ke cikin ƙwayar da ɗan takin haɗin sun isa zuwa yanzu.

19 ga Mayu

Tire na uku, na buntu, sabon ganyensa yana fitowa ɗorawa-ɗorawa, jijiyoyin ganyen kore amma tsakaninsu ya koɗe, tsofaffin ganyen kuma lafiyarsu lau. Da a ce tsohon ganye ne ya fara koɗewa da sai in ce naitirojin, sinadarin taki da ke sa ganye kore, shi ne ya yi kaɗan, amma sabon ganye irin wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce. Na ɗebi haɗin na dama da ruwa na tsoma takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar haɗin, na tire na uku ya nuna kusan 8, na biyu tsakanin 6 da 6.5. Wake yana son tsakanin 5.5 da 6.5, in abin ya haura sosai ƙarfen yana nan a haɗin amma saiwa bata iya ɗauka. Nan take na tuna tokar nan ta ranar 5 ga wata da na haɗa ban wanke ba. Laifin tokar ne, buntun bai yi komai ba, don ta wajen sakin ruwa da iska ya yi aiki daidai da falait. Na kwarara ma tiren ruwa mai yawa sau ɗaya ya tsiyaye ta ƙasa ko zai wanke wani abu. Tunda kwana kaɗan ya rage a dasa ba zan sayi wani magani ba.

20 ga Mayu

Darɓa. Baƙaƙe ƙanana sun taru a ƙarƙashin sabon ganye da kan tsiron a gurabu shida, tururuwa ce ta nuna min su don naga tana hawa da sauka a ƙafar ragar. Abin da nake tsoro ya wuce tsotsar ruwan ganye, darɓa na ɗaukar cutar bairos daga wannan tsiro zuwa wancan. Na murje da yatsa, da yamma na fesa ruwan sabulu, ƙaramin cokali ɗaya a lita, na fara gwadawa a guda uku tukuna.

21 ga Mayu

Sabulun bai ƙona ganye ba, na fesa sauran. Na rage ruwa don su ɗan yi ƙwari kafin dashe.

22 ga Mayu, kwana 14

Na ba su ruwa awa ɗaya kafin cirewa, na tura fensir ta ramin ƙasa na turo su, ban ja ta kara ba. Na tire na biyu ya fito a dunƙule, saiwa fara tas ta riƙe haɗin gaba ɗaya, sai dai uwar saiwar ta riga ta kai ƙasa, a wasu ta tsaya ta yi rassa yadda nake so a wasu kuma ta fara lanƙwasa. Na tire na ɗaya ƙasar ta fashe a hannuna ta zube da rabin ƙananan saiwoyin, saiwar ma 'yar kaɗan ce kuma ta yi duhu.

Rabin fangalin kawai aka cire albasa, don haka 30 na dasa, 22 daga tire na biyu, 8 daga na ɗaya. Tazara santimita 60 tsakanin layi, 20 tsakanin tsiro. Da yamma nayi bayan rana ta yi sanyi, na saka su daidai zurfin da suke a tire, masu tsawon nan na ɗan tara musu ƙasa a gindi don kar iska ta kayar, na ba su ruwa sosai.

23 zuwa 25 ga Mayu

Na tire na biyu sun ɗan yi laushi da tsakar rana ranar farko, da yamma suka miƙe, shikenan. Na tire na ɗaya uku sun bushe, biyar suna nan amma ba sa motsi.

29 ga Mayu, kwana 21

Sai yau sauran fangalin ya samu, kuma satin nan guda da suka ƙara a tire ya yi musu illa ƙwarai. Tun kwana uku da suka wuce sai na ba su ruwa sau biyu a rana don gurbin ya cika da saiwa baya riƙe danshi, ganyen ƙasa ya fara zuba, sun yi cunkoso suna rufe ma juna rana. Da na turo su saiwar ta naɗe ta zagaye gurbin kamar gammo, uwar saiwar a wasu ta juyo sama. Na yi ƙoƙarin warware guda biyu sai suka tsinke, na bar sauran a yadda suke. Na zaɓi masu ƙwari 40 daga tire na biyu da na uku na dasa, sauran ba wuri kuma ba su da kyan da zan nema musu wuri. Tumatir ko barkono zai yi wata guda a tire bai damu ba, wake kam sati biyu ma ya so ya yi masa yawa a gurbin santimita 5. Da na sani da na lissafa daga ranar da fili zai samu in koma baya kwana goma in shuka.

1 ga Yuni, zagaye na biyu

Na samu wani ɗan fili a gefe, sauran irin kuma zai isa. Tire ɗaya kawai wannan karon, an wanke da bilic. Haɗin: kokofit uku, taki ɗaya, buntu ɗaya amma wanda na sake babbakawa a hankali na rairaye tokar na wanke sau biyu, gwajin pH ya nuna kamar 6.5. Falait ya kusa ƙarewa kuma bana son sake saye in buntu zai yi. Ƙasar lambu na cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

Na yi tunanin zuba ɗan ƙasar inda aka taɓa noma wake a cikin haɗin saboda bakteriyar nan Bradyrhizobium da ke zama a saiwar wake tana jawo masa naitirojin daga iska, tunda kokofit da buntu ba su da ita, amma bayan abin da na gani ranar 15 na fasa, zan zuba ta a ramin dashe. A rana ɗaya kuma na shuka ƙwaya 20 kai tsaye a layi ɗaya na kifa musu raga, don in samu abin kwatantawa.

4 ga Yuni

Sun fara fitowa, na kai su rana nan take.

6 ga Yuni

43 cikin 50. Gajeru, kara mai kauri, tsawo kamar santimita 4 zuwa 5. Layin kai tsaye 15 cikin 20.

9 ga Yuni

Ba koɗewa, ba wanda ya faɗi. Ruwan sama mai ƙarfi ya zo da dare na shigar da tiren ƙarƙashin rumfa.

12 ga Yuni, kwana 11

Na dasa duka 43 da yamma, ganye mai uku-uku na farko bai gama buɗewa ba. Abin da na lura shi ne saiwar bata gama kama haɗin ba, guda shida sun ɗan zube a hannu, sai da na riƙa tallafa su da cokali, amma uwar saiwar a miƙe take a kusan duka. Tsakanin saiwa ta kama haɗi da kuma ta fara naɗewa kwana biyu ko uku ne kawai a irin wannan tiren, ina ganin kwana 11 zuwa 13 ne daidai in zafi yana nan yadda yake.

15 ga Yuni

Ko ɗaya bai yi laushi ba. Na tono guda biyu daga tsofaffin, ɗaya na ranar 22 ɗaya na ranar 29. Na ranar 22 yana da 'yan ƙululu da dama a jikin saiwa, irin waɗanda bakteriyar nan mai jawo naitirojin ke zama a ciki, na yanka uku da reza cikinsu ja-ja, wato suna aiki. Na murza su da yatsa suka ɓalle daga gefen saiwar, hakan ya kwantar min da hankali don kumburin tsutsar saiwa ba ya ɓallewa, saiwar ce da kanta take kumbura. Na ranar 29 kuwa saiwar har yanzu tana nan da siffar gurbin, dunƙule a sama, sabbin rassa kaɗan ne suka fita, ƙululun ma 'yan kaɗan. Shi ya sa su ke fara yin laushi duk ranar da aka yi zafi.

22 ga Yuni

Na ranar 22 ga Mayu sun fara ɗaure fure, kwana 45 daga shuka. Na ranar 29 tsawonsu bai kai kashi biyu cikin uku na waɗancan ba kuma babu alamar fure, waɗanda suka koɗe dai sun dawo kore tun sati na biyu a fili. Na zagaye na biyu da layin kai tsaye shekarunsu ɗaya, na kai tsaye sun ɗan fi girma da ganye ɗaya, sai dai saura 11 cikin 15 don gyare ya shiga ta ƙarƙashin ragar, na tire kuma 42 cikin 43 suna tsaye.

Abin da ya rage: in sa ido a kan fure saboda ƙananan ƙwarin da ke shiga ciki su zubar da shi, in ɗaure ma kowane rukuni zare mai launi daban don in auna kwanson kowanne shi kaɗai lokacin girbi. Zan nemi tire mai zurfin gurbi kamar santimita 10 in gwada ko zai ƙara min kwana huɗu ko biyar kafin saiwa ta naɗe, haɗin kuma zan bar shi yadda yake na 1 ga Yuni. Sauran buntun da na wanke yana shanye a rumfa, gobe zan zuba shi a buhu.